"AI DAJIN ALLAH NE, WA YA ISA YA HANA?" DARASI A KAN HURUMI

Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya kafe ta da duwatsu, ya ɓuɓɓugo da ruwa daga cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, akwai wata magana da nake yawan ji a bakin mutanenmu. Idan aka kama maharbi a gandun daji, ko mai sarar itace don gawayi, ko wanda ya kutsa da garma cikin burtali, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Ai dajin Allah ne, wa ya isa ya hana?" Wani har ya ƙara da cewa dokar Turawa ce suka bar mana, babu ruwan Musulunci da ita. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu iko da za su zagaye fili da waya, su kori talaka, su ce hurumin gwamnati ne, bayan shekara biyu ka tarar an yanka shi fuloti-fuloti an raba wa 'yan uwa da abokan siyasa. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya ya yar da saura.

Don haka nake so yau mu karanta wannan babi kamar yadda malamai suka rubuta shi, sannan mu ɗora shi a kan wurin da yawancinmu muka sani ko muka ji labarinsa, wato Yankari, domin a can an haɗa abubuwa uku: dajin kiwo, marmaro, da koguna na cikin dutse.

ASALI SHI NE TARAYYA

Mai cewa dajin Allah ne bai yi ƙarya ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da Annabi (SAW) ya bayyana cewa ruwa da ciyawa da wuta abubuwa ne da Musulmi suka yi tarayya a cikinsu. Malamai suka ce ana nufin ruwan da ba a kamfata an zuba a mazubi ba, da ciyawar da ta tsiro da kanta a ƙasar da ba ta da mai ita.

Akwai ƙissar Abyadu ɗan Hammal (RA), mutumin Yaman. Ya roƙi Annabi (SAW) ya yanka masa wurin haƙar gishiri na Ma'arib, aka ba shi. Da ya juya, wani daga cikin mazauna majalisin ya faɗakar cewa wannan gishirin kamar ruwan da ba ya yankewa ne, kowa ya je zai ɗiba. Nan take Annabi (SAW) ya karɓe kyautar. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: duk wata ni'ima da take a bayyane, wadda jama'a ba sa iya wadatuwa da barinta, ba a mallaka wa mutum ɗaya ita, komai girmansa. Marmaro, tafki, mashaya, makiyaya, duk suna ƙarƙashin wannan.

To amma tarayya tana nufin kai ma kana da haƙƙi, wani ma yana da shi. Idan mutum goma suka gaji gida, ɗayansu ba zai cire rufin kwano ya sayar ya ce ai gidan ubanmu ne ba. Gidan ubanku ne, shi ya sa ma ba ka da ikon yin haka kai kaɗai.

HIMA NA JAHILIYYA

Kalmar da littattafan fiƙihu suke amfani da ita ita ce "hima", wato yankin da aka keɓe aka hana kiwo ko sara a cikinsa. Larabawa sun san shi tun kafin Musulunci, amma ga yadda suke yi. Imamu Shafi'i ya kawo cewa idan wani shugaban ƙabila ya sauka a wuri mai dausayi, sai ya hau tudu da karensa ya sa shi haushi. Iya inda haushin ya kai ta kowace fuska ya zama nasa, dabbar kowa ba ta shiga. Shi kuma dabbobinsa suna kiwo a nasa, suna kuma kiwo a na jama'a. Nawa nawa ne, naku namu ne.

Wannan zalunci ne ya haifar da yaƙin Basus. Kulaibu, shugaban Taglib, yana da irin wannan hima. Wata taguwa ta baƙon wata tsohuwa mai suna Basus ta shiga, ya harbe ta a hantsa. Jassasu, ɗan uwan matar Kulaibu, ya kashe shi a kan haka. Masu tarihi suka ce ƙabilun Bakar da Taglib sun shafe shekara 40 suna zubar da jinin juna. Taguwa ɗaya da filin kiwo ɗaya. Wanda ya san abin da yake faruwa tsakanin manoma da makiyaya a ƙasarmu ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan ƙissa.

HIMA NA MUSULUNCI

Musulunci bai soke hima ba, ya canja masa mai shi. Buhari ya ruwaito daga Sa'abu ɗan Jassama (RA) cewa Annabi (SAW) ya taƙaita ikon keɓe ƙasa ga Allah da Manzonsa. Fassarar da mafi yawan malamai suka rinjayar ita ce: babu mai keɓewa don kansa, sai shugaban da ya tsaya a matsayin Manzo wajen kula da al'umma, shi ma don amfanin al'ummar.

Annabi (SAW) da kansa ya keɓe wani kwari mai suna Naƙi'u, a kudu da Madina, don dawakin Musulmi. A lura, Naƙi'u da "nun", ba Baƙi'a maƙabarta ba, ɗalibai suna yawan cakuɗa su. Haka kuma wani mutum mai suna Hilal ya kawo wa Annabi (SAW) ushirin zumarsa, ya roƙi a keɓe masa wani kwari da ake kira Salaba saboda ƙudan zuma, aka keɓe. Abu Dawuda da Nasa'i sun kawo wannan. Ka ga ashe ba don doki da raƙumi kaɗai ake keɓe wuri ba.

Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Sharaf da Rabaza. Rabaza tana gabas da Madina, tafiyar kimanin kilomita 200, ita ce inda Abu Zarri (RA) ya rasu a shekara ta 32 bayan hijira. Umar ya naɗa wani bararren bawansa mai suna Hunayyu ya kula da hima. Wasiyyar da ya yi masa tana cikin Muwaɗɗa da Buhari, kuma ni a ganina ya kamata a rataye ma'anarta a ofishin duk wani ma'aikacin gandun daji.

Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga. Amma garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, ya ce kada ya bari. Dalili? Su biyun idan dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa. Talaka kuwa idan nasa suka mutu, 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Umar yana kuka, kuma ciyar da dabbarsa ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ciyar da shi daga baitulmali. Sannan ya yi iƙirari cewa ƙasar ta mutanen ce, sun yi yaƙi a kanta a jahiliyya, sun musulunta a kanta, kuma ba don dabbobin da ake hawa wajen jihadi ba, da ko taƙi ɗaya bai keɓe ba.

Kai jama'a! Mutum biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna aka hana dabbobinsu shiga, aka buɗe wa talaka. Mu a nan yaya abin yake? Wa ake kamawa da ɗaurin itace a ka, wa kuma ake ɗaga wa hannu ya wuce da tirela cike da gungumen madobiya?

Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil da sharhohinsa, sun taƙaita sharuɗɗan hima kamar haka:

1. Shugaba ne yake keɓewa ko wakilinsa, ba kowane mai ƙarfi ba.
2. Ya zama akwai buƙatar keɓewar.
3. Ya zama yanki ne da ba zai ƙuntata wa mutane ba.
4. Ya zama ƙasar babu ginin wani ko shukar wani a cikinta.
5. Ya zama amfaninsa na jama'a ne.

Idan waɗannan suka cika, bin dokar wajibi ne, domin tana cikin ɗa'ar da aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da ita ga majiɓinta al'amari. Farauta halal ce a asalinta, haka yin itace. Amma shugaba yana da ikon taƙaita halal a wani wuri ko wani lokaci idan barinsa a sake zai cutar da kowa.

Makka da Madina kuwa hukuncinsu na daban ne, wahayi ne ya keɓe su. A Makka ba a razana dabbar dawa, ba a sare ƙaya, ba a yankar ciyawa, sai izhir da Abbas (RA) ya roƙi a togace saboda maƙera da rufin ɗakuna. A Madina, Abu Huraira (RA) yana cewa ko barewa ya gani tana kiwo a tsakanin duwatsun nan biyu ba zai firgita ta ba. Babu mai ɗaukar wani daji ya ba shi wannan alfarma ta ibada. Abin da nake so mu gani kawai shi ne, wurare biyu mafiya tsarki a bayan ƙasa, daga cikin alamun tsarkinsu akwai amincin bishiya da dabba.

MU MA MUN GAJE SHI

Wanda ya ce wannan abu baƙo ne a ƙasar Hausa, ya tambayi kakansa ma'anar "hurumi". Kalmar daga Larabci ta zo. Kowane tsohon gari yana da huruminsa: filin da ba a nomawa, inda dabbobin gari suke kiwo, ake yin itace, ake ɗiban ƙasar gini, ake binne mamata. Akwai burtali da aka shata wa shanu, akwai mashaya. Mai gari da dagaci su ne masu tsaron iyakokin. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da hanyoyin da ake keɓanta da ita, mai suna Ta'alimur Radi. A shekarar 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu. An ware sama da 400 a faɗin ƙasar nan, amma mafi yawansu ba a kammala yi musu rajista a hukumance ba, shi ya sa cinye su bai yi wuya ba.

Yau je ka ƙauyenku ka nemi burtalin da ka sani kana yaro. A wurare da yawa ya koma siririyar hanyar da ko jaki biyu ba sa giftawa. Kowa ya ɗan ƙara kunya ɗaya a gonarsa duk damina. Alhali hadisin Buhari da Muslim ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai, kuma Muslim ya ruwaito tsinuwa a kan mai canja alamar iyaka. Filin jama'a ya fi na mutum ɗaya haɗari, domin na mutum ɗaya kana iya zuwa ka nemi yafiyarsa. Na jama'a gun wa za ka je?

YANKARI

Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe ta, a 2006 ta dawo hannun Jihar Bauchi. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarta, kuma da rani, idan tafkuna suka ƙafe, a bakinsa dabbobi suke taruwa: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, mugun dawa, dorina, kada. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 350 a cikinta.

Giwayen Yankari suna daga cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma ƙiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba. Zakuna kuwa 'yan ƙalilan ne suka saura. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda a da suke cikin dajin, an neme su an rasa.

Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobin da suke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da suke tashi al'ummomi ne kamar mu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an zargi wani Annabi daga cikin Annabawa saboda ya ƙone gidan tururuwa gaba ɗaya don ɗaya ta cije shi, aka kira su al'umma mai tasbihi. To ina ga wanda ya harbe giwa, ya cire haure, ya bar gawar tana ruɓewa? Ina ga masu zuba guba a mushe don su kwashe ungulu su sayar wa 'yan tsibbu? Yaushe rabon da ka ga ungulu a mahautar garinku? Ita ce take share mushe kafin ya zama cuta. Mun ƙarar da ma'aikaciyar da ba ta karɓar albashi.

Kada kuma a ce abin da ya tafi ba ya dawowa. 'Yan uwanmu na Nijar shaida ne. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma kimanin 50 a 1996. Aka hana harbinsu, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin tsaron, yau sun haura 600, suna yawo a cikin gonaki suna cin ganyen gawo.

MARMARO

Abin da ya fi jan mutane zuwa Yankari shi ne ruwan Wikki. Yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai, har kana ganin yashin ƙasansa. Ɗuminsa yana tsaye a kan digiri 31, da sanyi da zafi, dare da rana. Yana fitar da kimanin lita miliyan 21 a kowace rana, ya zuba a kogin Gaji. Idan ka auna da jarkar masu ga-ruwa mai cin lita 25, jarka 840,000 ke nan kullum, babu inji, babu dizal.

Daga ina yake zuwa? Aya ta 21 ta Suratuz Zumar ta ja hankalinmu cewa ruwan da ya sauka daga sama shi ne ake shigar da shi cikin ƙasa ya zama maremari. Haka masana ƙasa suka tarar. Ruwan damina yana nutsewa cikin dutse mai shan ruwa, ya yi nisa can ƙasa inda ake da zafi, ya ɗumama, sannan ya sami tsaga ya ɓullo. Amma kafin ya nutse sai ya sami abin da zai tsayar da shi. Ciyawa da saiwar itace da busasshen ganye su ne suke riƙe ruwan sama har ƙasa ta sha. Idan aka sare itatuwan, aka ƙone ciyawar, ruwan zai zubo ya wuce da gudu, ya yi zaizaya, ya yi ambaliya a gari, ƙasa kuma ta kwana da ƙishi. Shi ya sa ƙoramar da dattawa suke cewa ba ta ƙafewa a da, yanzu kafin watan Janairu ta zama yashi. Mai tsaron daji marmaro yake tsarewa, ko ya sani ko bai sani ba. Ku je ku karanta ayar ƙarshe ta Suratul Mulk, wadda take tambayar wa zai kawo mana ruwa idan namu ya ƙafe ya nutse.

Shari'a ta ba rijiya da marmaro nasu hurumin. A wajen Malikiyya ba a ƙayyade shi da kamu ba, ma'auninsa shi ne duk abin da zai cutar da ruwan ko ya ƙuntata wa masu sha, an hana shi a kewayen. Muslim ya ruwaito hanin yin fitsari a ruwan da yake tsaye. Abu Dawuda ya ruwaito cewa yin bayan gida a mashaya, da kan hanya, da inuwa, yana jawo wa mutum tsinuwa. Wanda ya fahimci wannan ba sai an kafa masa allo an ce kada ya jefa leda da robar lemo a ruwa ba, ko kada ya zuba maganin ƙwari a tafki don kifi ya taso.

Kalma ɗaya ga masu kai ziyara, musamman ɗalibai da matasa lokacin hutun salla. Zuwa halal ne, kallon halittar Allah da tunani a kanta ibada ce. Amma ruwa ba ya ɗauke hukuncin al'aura. A suturce jiki, maza su san lokacinsu, mata su san nasu, a ajiye waya kada a ɗauki hoton matan mutane. Kuma ruwan Wikki ruwa ne mai daɗi, amma ba Zamzam ba ne. Babu wani nassi da ya ba shi falala.

KOGO

A cikin Yankari akwai kogunan da ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya ba da rahotonsu a 1980. Ɗakuna ne 59 da aka fafe a jikin dutse. Masu bincike suna kyautata zaton mutane sun fake a cikinsu a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey, sama da 100, da tsofaffin matoyan narkar da tama. Wato kafin dajin ya zama na giwa kaɗai, mutane sun rayu a nan, sun yi ƙira, sun ji tsoro, sun shuɗe.

Kogo yana da matsayi a tarihinmu. A kogon Hira wahayi ya fara sauka. A kogon Saur Annabi (SAW) da Abubakar (RA) suka ɓuya kwana uku a hanyar hijira. Akwai samarin Suratul Kahfi, akwai mutum ukun da dutse ya rufe wa bakin kogo suka yi tawassuli da kyawawan ayyukansu. A duk waɗannan ƙissoshin, kogo mafaka ce, mai tsarewa kuwa Allah ne.

A nan mutane suka kasu biyu, kuma duka biyun ina da magana da su. Kashi na farko su ne masu kai baƙar kaza ko farin ƙyalle gindin dutse ko bakin marmaro, wai ana ba mutanen ɓoye haƙƙinsu. Wannan yanka ne don wanin Allah, shirka ce, babu wani kwana-kwana. Da wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi Annabi (SAW) a hanyar Hunaini ya sanya musu bishiyar rataye makamai don neman albarka irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai, ya kamanta roƙonsu da na Banu Isra'ila da suka nemi Annabi Musa ya yi musu abin bauta.

Kashi na biyu su ne matasa masu zafin kishi da suke ganin maganin wannan shi ne a je a sare kukar, a fasa dutsen, a toshe ruwan. Suna kafa hujja da abin da aka ruwaito cewa Umar (RA) ya sa an sare bishiyar da mutane suke zuwa salla gindinta da sunan ta Bai'atur Ridwan. To ɗan uwa, Umar halifa ne, da ikon hukuma ya yi, kuma bishiya ɗaya ce. Kai ba hukuma ba ne. Cutar tana cikin zuciyar mai yankan, can za ka kai magani da karantarwa. Idan ka toshe marmaro, matan ƙauye ka ƙara wa tafiya, shi kuwa mai kazar gobe zai nemi wani dutsen. Ka tuna Abu Dawuda ya ruwaito narko mai tsanani a kan sare magarya, ya kuma fassara shi da magaryar daji da matafiya da dabbobi suke shan inuwarta, idan aka sare ta babu haƙƙi.

HAƘƘIN MAƘWABTAN DAJI

Yanzu bari in juyo kan hukuma, don kada darasin ya zama na talaka kaɗai. Ƙauyukan da suke kewaye da Yankari sun san abin da garken giwa yake yi wa gonar masara a dare ɗaya. Mutum ya yi noma wata huɗu, ya wayi gari babu komai, kuma doka ta ce kada ya harba. Ƙa'idar fiƙihu ita ce wanda yake cin riba shi yake ɗaukar asara. Abin da nake gani shi ne, wanda yake karɓar kuɗin shiga a ƙofa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin ɓarnar da dabbobin suka yi, ya ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aiki, ya samar musu da ruwa da wurin kiwo a wajen iyaka. Wasiyyar Umar ga Hunayyu ke nan a aikace. Hima da maƙwabcinsa yake kallo a matsayin abokin gaba ba ya daɗewa.

Sannan keɓe wuri a takarda ba tare da mai tsaro ba ya fi rashin keɓewa muni. Sambisa gandun namun daji ne a da. Kamuku a Birnin Gwari haka, dajin Rugu a Katsina keɓaɓɓe ne. Kowa ya san su wa suka tare a cikinsu da aka yi sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ma'aikacin gandun daji da yake kwana a dawa yana fuskantar maharba masu bindiga yana tsaron dukiyar al'umma ne. Riƙe masa albashi zalunci ne, shi kuma karɓar na goro ya kau da kai ha'inci ne.

ABIN DA YA HAU KANMU

Maharbi, ka tsaya a inda aka halatta maka, ka bar mai ciki da mai shayarwa, kada ka cinna wa daji wuta saboda gafiya. Manomi, ka mayar da kunyar da ka ci daga burtali tun kana da rai, kafin magada su raba ta su ci haram a dalilinka. Makiyayi, iyakar da aka shata maka ita ma amana ce, kada ka sassabe bishiya gaba ɗaya don akuya ta ci yini ɗaya. Masu unguwanni da dagatai, hurumin gari ba gadon gidanku ba ne, ku masu tsaro ne. 'Yan uwana limamai da masu wa'azi, babin raya matacciyar ƙasa yana nan cikin littattafan da muke karantarwa, mu daina tsallake shi.

Annabi (SAW), a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, da ya so ya kwatanta mana haɗarin shubuha, misalin makiyayi ya kawo, wanda yake kiwo a gefen hima har dabbobinsa su kusa faɗawa ciki. Ya sanar da mu cewa kowane sarki yana da nasa hima, na Allah kuwa shi ne abubuwan da ya haramta. Ba a buga misali sai da abin da masu sauraro suka sani kuma suke girmamawa. Yaron da ya tashi a garin da babu iyakar da ake jin nauyin tsallakawa, ko ta gona ko ta daji, zai sha wuya kafin ya gane wannan hadisi.

Wanda ya san wani hurumi ko burtali ko marmaro a garinsu da ake ci a hankali, ya je ya sami mai gari da limami a zauna tun abin bai kai ga sanda da adda ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya shayar da mu ruwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.